Lomar Rogon da Ta Kai Ni Kaduna

Tun da na ajiye aiki na dawo gida Batsari, ba a rufa mako ba tare da wani a majalisarmu ta bakin kasuwa ya taɓo ni ba: "Malam Lawal, don Allah a ba mu labarin zuwa Kaduna." Suna roƙo suna ƙunshe dariya, su a ganinsu abin nishaɗi ne. Tsofaffin cikinsu rabin labarin suka sani, rabin da ake dariya a kansa. Matasa kuwa sun taso sun ji ana ce mini Na-Talabijin, ba su san mafari ba. Ni kuma duk lokacin da na maimaita sai raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi. Saboda haka ga shi na rubuta, mai so ya karanta, a bar ni in sha iska.

A shekarun nan da kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowane ma'aikaci ya rataya rediyo a kafaɗa, ni aikin allurar shanu nake yi a Safana, gidana kuwa yana Batsari. Litinin in tafi, ƙarshen mako in dawo, a cikin a-kori-kurar wani direba da ake kira Ɗan'iya. Hanyar ba kwalta, rairayi ne da kwazazzabai. Kowace shekara sai mu ga masu awon hanya sun zo, su kafa wani abu mai ƙafa uku, su leƙa, su buga turaku, su tafi. Kwalta ba ta taɓa biyo bayansu ba, turakun ma mata ne ke tumɓukewa su ɗaure awaki.

Surukina Bafulatani ne, yana zaune a gefen Safana da shanunsa da gonarsa. Ba zan faɗi sunansa ba ko a takarda, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Da ya ba ni 'yarsa, danginsa sun yi ta gunaguni cewa Bahaushe bai san kunya ba, ni kuwa na ɗaura ɗamarar nuna musu na sani. Takalmina tun daga nesa nake cirewa. Ban taɓa hawa tabarmar da yake kai ba. Mafi girma duka, ban taɓa sa komai a bakina yana gani ba. Akwai ranar da muka yi allura a garkensa tun safe har la'asar, yana tsaye a wurin, maƙogwarona ya bushe kamar tsohon ƙirgi, amma ko ruwa ban kurɓa ba. Daga ranar ya fara ce mini Malam, danginsa kuma suka yi shiru. Wannan ita ce dukiyar da nake da ita a gidan, kuma da wahala na tara ta.

Dattijon nan ba ya taba, ba ya goro, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya ya shiga ransa: gidan kallon da hukuma ta buɗe a Safana, inda ake tayar da inji bayan magariba a kunna talabijin. Yakan zo da buzunsa ya shimfiɗa a gaba-gaba. Ba wasan kwaikwayo ke kawo shi ba, labarai yake jira, domin wani lokaci ana nuna alhazai suna ɗawafi. Bai samu zuwa Makka ba, ya ce ko a akwati ya ga Ɗakin Allah ya rage zafi.

A shekarar da abin ya faru maiɗakina ta tafi gidansu goyon ciki, ta haifa mana 'ya mace, 'yar fari. Tana wanka, arba'in ta kusa, ni kuwa na sa an yi wa ɗakinta sabon daɓe ina jiran dawowarsu.

Damina ce mai rowa, ruwa ya ɗauke a tsakiya, an fara zancen yunwa a ƙauyukan da ke cikin daji. Wata Litinin muna dab da Runka motar Ɗan'iya ta faɗa rami, sifirin ya karye. Muka sauka turi. Na cire rigata da hulata na rataye a reshen tsamiya don kada su ɓaci, na rage daga ni sai tsohuwar singileti mai huda a hammata. Muka tura muka tura, muka yi buɗu-buɗu da ƙasa, a banza. Ɗan'iya ya ari keke ya tafi Runka neman maƙeri, mu kuma muka zauna har rana ta take. Can wata mata ta zo wucewa da tallan dafaffen rogo da garin ƙuli. Na saya, na zaga bayan mota, na tsuguna na ba hanya baya, yadda mutum mai mutunci ke yi in ci ya kama shi a waje.

Ina cikin ci wata farar Landiroba ta tsaya. Mutum uku suka fito, ɗaya da laktaye a wuya, suka sauke abu mai ƙafa uku. Na ce wa na kusa da ni, "Ga 'yan awon nan sun dawo yi mana ƙarya." Ko tashi ban yi ba. Ɗayansu ya zagayo da abin ya kafa shi a gabana, na ɗauka ramin da ke bayana yake aunawa. Mai laktayen ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ci abinka, Malam, kada ka damu da mu." Ni kuwa don in nuna musu ban ɗauke su a bakin komai ba, sai na ƙara girman loma. Na dangwali ƙuli, na tura, na suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya ina hararar abin nasu. Suka naɗe kayansu suka tafi, ko turke ɗaya ba su buga ba, ban kuma kawo komai a raina ba.

Ran Asabar ina zaune a zaurena a Batsari, sai ga motar Ɗan'iya ta tsaya a ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Buba ne ya diro, ƙanin maiɗakina, abokin wasana, aka sauko masa da buhun gero aka jingine a zaure. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, na tambayi mai jego da jaririya da shanu, amma bakinsa sai motsi yake.

"Malamin shanu," in ji shi, "ashe haka abin ya kai, ba ka faɗa mamu ba?"

"Wane abu?"

"Kai kau! Duk Safana ta gan ka jiya da dare. Ga ka nan tsugune cikin akwati, ba riga ba hula, kana aika rogo kamar za a ƙwace. Mai labarai na cewa ga halin da magidanta ke ciki a ƙasarmu, wai wanga bawan Allah ya kwana biyu bai ga abinci ba. Daga nan aka nuna manya suna raba buhuna."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Baba yana wurin?"

"Gaba-gaba, bisa buzunshi."

"Ya gani?"

"Ina na sani? Ni da dariya ta kayar a baya." Da ya dubi fuskata sai ya daina wasa, ya sunkuyar da kai. "Shi ya ce a kawo maka wannan. Ya ce kuma Adda ta zauna har kaka, kada a ƙara maka nauyi."

Rumbuna a lokacin geron bara ne a ciki, ƙasansa ma akwai na bara waccan. Amma ku duba irin ɗaurin da aka yi mini. In mayar da buhun, na zagi dattijo. In shigar da shi cikin gida, na amsa cewa yunwa nake ji. In je in ce masa, Baba, ina da abinci, da wane baki? Zancen ci ba ya shiga tsakanina da shi. Na bar buhun a zaure a ɗaure yadda aka kawo shi, na ce wa tsohuwata kada kowa ya taɓa. Na kwana ina juyi, gari ya waye na yanke shawara: akwatin da ya yi mini ƙarya a gaban surukina, shi zai fito ya ce ƙarya ya yi. In ba haka ba, matata da 'yata sai kaka, sunana kuma sai yadda hali ya yi.

Na nemi hutu a wurin shugabanmu. Da na gaya masa dalili sai da ya kifa kai a tebur don dariya, sannan ya ce in je Allah ya ba da sa'a. Na sa rigata mafi kyau, na zuba katin aikina da babban sirinjin shanu a jaka, don su gani da idonsu cewa ma'aikacin gwamnati suka mayar mabaraci. Na ratsa Safana rawani ya rufe mini rabin fuska, na kama motar Dutsin-Ma.

A tashar Dutsin-Ma zafi ya sa na sassauta rawanin. Kan ka ce kwabo wani ɗan kamasho ya nuna ni da yatsa yana ihu, "Wallahi ga mai rogo! Jama'a, ga mai rogon nan!" Aka yanyame ni. Wani ya ce na yi ƙiba, agajin ya karɓe ni. Na shige bas na ƙule a lungu ina huci. Ba mu yi nisa ba wata dattijuwa da ke gefena ta kwance ƙullin ƙosai ta turo mini a hankali, ta ce, "Ci, ɗana, Allah ya kawo mana sauƙin wannan shekara." Da zuciya ɗaya ta yi, shi ya sa abin ya fi ciwo, don ba halin in yi mata faɗa. Na ce azumi nake. Ƙarya na yi, amma ta zama gaskiya, domin har muka kai Kaduna ban sa komai a bakina ba. Duk inda mota ta tsaya sai na duba gindin itatuwa ko akwai abu mai ƙafa uku.

Kafin Funtuwa muka iske shinge, ana binciken masu fitar da hatsi. Aka sauke mu duka, aka zazzage kaya. Wanda ya buɗe jakata ya zaro sirinjin nan mai kaurin taɓarya, ya ɗaga shi sama yana juyawa.

"Wa za ka yi wa allura da wannan?"

Na ce na shanu ne.

"Ina shanun?"

Na ce suna Safana.

"To kai ina za ka?"

Na ce gidan talabijin. Ya dube ni, ya dubi sirinjin, ya kira na gaba da shi. Sai da na ba da labarin rogo tun daga farko a bakin titi, fasinjoji na saurare, direba na danna ham, kafin suka sake ni. Su ma da dariya suka sallame ni, ɗaya har yana cewa in na je in gaishe da mai karanta labarai. Daga nan muka wuce Zariya, inda aka sake mana mota, muka shiga Kaduna da la'asar sakaliya.

Na sauka a Kakuri wurin Isiyaku, ɗan unguwarmu da ke aiki a masaƙa. Su uku ne a ɗaki ɗaya da gado ɗaya, kowa da lokacin aikinsa, wannan na tashi wancan na kwanciya, katifar ba ta taɓa hucewa. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ja ni rumfar wata mata ya ce yau zan ci abincin birni. Aka kawo wani farin tuwo mai danƙo da miya ja wur. Na wanke hannu, na tambaye shi sunansa, ya ce teba. Na ce da me ake yi? Ya ce garin rogo. Na ture kwanon na tashi. Isiyaku ya biyo ni yana rantsuwa bai yi da gayya ba. Zaman da na yi a garin nan duka shayi da burodi na rayu a kai, a cikin ɗaki, fuskata na duban bango.

Mutanen Kaduna sun ba ni mamaki. Mutum da gemunsa yana tafe a titi yana gaigayar masara, mace na tafe tana tauna, ba mai kallon wani. Gaisuwa kuwa kamar ana korarsu: "Yaya dai?" kafin ka tambayi gida da iyali ya sha kwana. A garinmu in ka yi wa babba haka sai an kira ubanka. Na ce a raina, to waɗanda ke cin abinci a tsakiyar titi, ina za su san abin da suka yi mini?

Washegari Isiyaku ya sa ni a bas har ƙofar gidan talabijin ɗin. Maigadi ya tare ni ya ce wa nake nema, na ce mai laktaye. Ya ce duk gidan masu laktaye ne. Ya nuna mini benci a gindin wata bishiya, ya ce in jira ko zan gan shi. Bencin cike yake: makaɗa da kalangansu, 'yan dambe, wani mai wasa da maciji, wani mai maganin basir, kowa na roƙon a sa shi a akwati. Ni kaɗai na zo roƙon a cire ni. Da suka ji abin da ya kawo ni, mai macijin ya ce, "Kai, Malam, ka samu a ɓagas abin da muke nema wata da watanni, kuma kana fushi?" Na ce ya zo mu yi musanya, ya ba ni macijin.

Haka na yi ta sintiri, in zo da safe in koma da yamma, har maigadin ya fara ajiye mini wuri. Ran nan sai ga farar Landirobar ta shigo. Tun kafin ta gama tsayawa na gane mai laktayen nan a ciki. Na tsallake maigadi na cafke hannun rigarsa.

Sunansa Bashari, saurayi ne da bai kai ni shekaru ba. Na zo da shirin faɗa, shi kuwa sai ya washe baki kamar ya ga ɗan'uwansa. "A'a! Malam na hanyar Runka! Wallahi hotonka ya yi kyau, har manya sun yaba." Fara'ar nan tasa ta fi zagi ƙona mini rai. Ya ja ni wani ɗaki mai sanyi kamar randa, ya sa aka ɗauko fim ɗin aka kunna, wai in ga kaina.

Sai a ranar na ga abin da duniya ta gani. Ga wani mutum tsugune, ƙasa har gira, hammata a waje, kumatu cike, garin ƙuli a gemu, yana zare ido yana suɗar yatsu. Hararar da na yi don raini ta koma kallon wanda ke tsoron a ƙwace masa. Ni kaina da ban san shi ba da na ba shi sadaka. Na tuna dattijon nan a kan buzunsa, jama'ar Safana a bayansa.

Na ce, "Ina rigata? Tana rataye a tsamiya, taku kaɗan daga nan. Ina motar da ta karye?"

Ya ce, "Ai su ba su shiga labarin ba, Malam."

"To ni wa ya ce maka na shiga? Ka tambaye ni sunana? Ka tambaye ni yaushe rabona da abinci?"

"Tsaya, Malam. Akwai yunwa a ƙasarku ko babu?"

Na ce akwai. Akwai gidaje a cikin daji wajen Babban Duhu da na sani, inda ake dafa tafasa a kwana a kanta. Na ce me ya hana ku shiga can?

"Hanyar ba ta shiguwa, ga rana ta yi, dole mu dawo da fim a kan lokaci. Kuma ka sani, saboda hoton nan naka an ƙara wa yankinku buhunan agaji. Ka yi aikin lada ba ka sani ba."

Wato masu yunwar gaske sun yi musu nisa, sai suka kama bakin da ya fi kusa da titi. Na danne zuciyata na yi masa bayani dalla-dalla: surukina, buzunsa, buhun gero a zaure, matata da 'yata da aka ce sai kaka. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Malam, a wannan zamanin? Ni da surukina tebur ɗaya muke cin abinci ran Lahadi, har nama yake miƙo mini." Na dube shi da kyau. Hausa yake yi tsab, ɗan Musulmi, da alamar salla a goshi. Na ce Allah ya shirye ku, kai da shi.

Na ce abu ɗaya nake so, mai karanta labarai ya fito ya ce mutumin nan da muka nuna ba mayunwaci ba ne, matafiyi ne mota ta lalace masa. Ya girgiza kai ya ce ba a yin haka, in suka ce sun yi kuskure yau, gobe wa zai yarda da labarai? Sai dai, in ina so, su zo Batsari in buɗe rumbuna su ɗauka, a nuna ni a matsayin manomin da ya yi tanadi.

Nan ne na tabbata ba ƙasa ɗaya muke ba. Shekarar da maƙwabtana ke awo da gwangwani, ni in cire hular rumbu in nuna wa duniya abin da Allah ya rufa mini asiri da shi? Wanda ya yi haka a garinmu ya fi mai cin rogo a titi zubar da mutunci. Na ce to a ba ni fim ɗin in tafi da shi in ƙone.

Ya ce, "Kayan gwamnati ne, Malam. Ma'ajiya za a mayar da shi. Gaskiya ma in gaya maka, duk sanda aka tashi zancen yunwa shi za a riƙa ɗaukowa, don ba mu da wanda ya fito kamarsa."

Ban san lokacin da na daki teburin ba. Abin da na faɗa a ɗakin nan ba zai rubutu ba, na dai san na haɗa da laktayen da Landirobar da mai ƙafa ukun. Aka kira masu gadi suka riƙe ni hannu da hannu zuwa ƙofa. Muna tafe ina jin Bashari a baya yana cewa, "Ku bi shi a hankali, a kawo masa lemo da biskit, ya sha hanya." Har a lokacin abinci yake ganin ya kamace ni.

Na kamo hanyar gida hannu rabbana. Ban ƙarasa Batsari ba, na kwana a ɗakina na wurin aiki a Safana, da hantsi na nufi gidan dattijon, don gara a yi ta ta ƙare. Na same shi a gindin ƙirya yana tufkar igiya, shanu sun fita. Na cire takalmi tun daga bakin shinge, na tsuguna nesa da shi, kaina a ƙasa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, kwana da gajiya da iyali da dabbobi da ruwan da ya ƙi sauka. Sannan ya ce, yana murza igiya a tafin hannunsa:

"An ce ka yi tafiya, Malam."

"Na yi, Baba."

"An samu abin da aka je nema?"

"Ba a samu ba."

Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Ni ban ga komi ba. Na ga mutum tsugune, na shaida ƙeyarshi da kafaɗarshi. Da na ga hannu ya ɗauko abu ya nufi baki, na naɗe buzuna na fita. Maganar mai labarai daga waje na jiyo ta."

Hawaye suka cika mini ido, na ƙara sunkuyar da kai. Duk kunyar da na yi shekaru ina yi masa, ashe shi ma yana riƙe da tasa, ya kuma riƙe ta a ranar da ta fi wuya.

Ya ce, "Buba ya je Batsari shekaranjiya. Ya ce buhun na nan zaure yadda ya aje shi, har kaji sun fara huda gindin. Gidan da babu, ba a barin gero ɗaure kaji na ci. Ran Juma'a a zo a ɗauki mai jego da jaririya. Geron kau a ba kajin, sun riga sun sa baki."

Na yi godiya. Na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Malam. Sun ce za su sake nunawa?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Sun ce duk sanda aka yi zancen yunwa."

"Ana sanarwa kafin a nuna?"

"Ba a yi, Baba."

Ya ce, "To." Ya mayar da kai ga igiyarsa.

Ran Juma'a maiɗakina ta dawo da 'yarmu, aka yi buɗa, ta taka sabon daɓenta. Nan 'yan majalisa suke so labarin ya tsaya, nan suke tafawa. Amma Bashari bai yi ƙarya ba a wannan karon. Fari a wata jiha, ga ni. Tsadar hatsi, ga ni. Taron manya a kan noma, ga ni tsugune ina suɗar yatsu. Ba mai sanin ranar da zan fito.

Saboda haka dattijon bai sake shiga gidan kallo ba. Da lokacin aikin hajji ya zo, na wuce ta wurin bayan magariba, na hango shi a waje, ya shimfiɗa buzunsa a gindin katanga, ya ba taga baya. Buba na tsaye yana leƙawa ciki yana gaya masa, "Yanzu suna zagayawa, Baffa. Yanzu sun ɗaga hannu." Shi kuwa yana gyaɗa kai, carbi na tafiya a hannunsa. Na juya na bi ta wata hanya don kada ya ji takuna.

Haka ya yi ta yi kowace shekara har Allah ya karɓi abinsa. Bai je Makka ba, wadda yake gani a akwatin ma sun raba shi da ita saboda sun ƙi ɓata tayar motarsu a hanyar Babban Duhu. Wannan ne nake tunawa in kuka ce in ba ku labarin Kaduna, shi ya sa kuke ganin ba na dariya.